Yadda ake kwatanta tsohon Tomb Raider da sabo ba tare da an zalunci ɗayansu ba

A majalisun shayi na samarin Nima da Mamobi, unguwanni biyu a birnin Accra na ƙasar Gana, duk sanda hira ta gangaro kan wasannin gem, akan rabu gida biyu. Ga waɗanda suka fara riƙe fad, wato abin da ake sarrafa wasa da shi a hannu, a zamanin PlayStation na farko, lokacin da ake biyan kuɗi a shago sannan a jira layi a kan benci, ga kuma ƙannensu da suka buɗe ido suka tarar da PlayStation 4. Manyan su ce tsohon wasa ya fi na yanzu, ƙananan su ce mutanen cikinsa kamar da gatari aka sassaƙa su. Musun ba ya ƙarewa, domin kowane ɓangare da irin mudun da yake awo da shi: wannan yana auna daɗin da ya ji yana ɗan shekara goma sha biyu, wancan yana auna kyan hoto.

Na yi shekaru ina tsare wa yayana shagon gem a Nima, kuma a nan na koyi cewa ana iya yin wannan kwatanci da tsari, har mutum ya kai ga hukuncin da zai iya karewa a gaban kowa. Zan bi hanyar da misalin Tomb Raider na 1996 da na 2013, amma za ta yi aiki ga God of War ko Zelda ko duk wani jerin wasan kasada da ya daɗe ana fitar da shi.

Ka fara da sanin abin da kake kwatantawa

Kalmar “sabo” tana ɗauke da ma'anoni da yawa a wannan jerin, kuma rashin rarrabe su ne yake ɓata rabin musun. Wasan farko ya fito a 1996 daga kamfanin Core Design da ke garin Derby a Ingila, Eidos ya buga shi, aka sake shi a Sega Saturn da PlayStation da kwamfuta. A 2007 kamfanin Crystal Dynamics na Amurka ya sake gina wannan labarin da sabon inji a ƙarƙashin sunan Anniversary. A 2013 kamfanin ya ajiye tsohon tarihin Lara Croft, jarumar wasan, gefe ɗaya ya faro daga tushe, da yarinya 'yar shekara 21 wadda jirgin ruwansu mai suna Endurance ya tarwatse a gaɓar tsibirin Yamatai, kusa da Jafan. A 2024 kuma kamfanin Aspyr ya fitar da wasanni uku na farko a haɗe, ya gyara musu fenti da haske ya bar gininsu yadda yake.

Idan ka ɗora na 1996 a kan na 2024, tambayar da kake yi ita ce ko sabon fenti ya dace da tsohon gini. Idan ka ɗora shi a kan na 2007, kana duba yadda wasu magina suka fahimci aikin magabatansu. Idan kuwa da na 2013 ka haɗa shi, to kana tambayar ko sunan da ke jikin kwali har yanzu abu ɗaya yake nufi. Ka zaɓi tambaya ɗaya ka rubuta ta a saman shafin farko na littafinka, domin za ka buƙaci littafi, ko da na makaranta ne mai araha. Ni ta ukun na zaɓa, kuma a kanta zan tsaya.

Daidaita fili kafin a fara

Tsohon wasa da aka jona wa ƙatuwar talabijin ta bango yakan fito da muni fiye da yadda masu shi suka nufa, saboda an zana shi ne don talabijin mai doro, wadda take tausasa gefen hoto ta ɓoye ƙaiƙayinsa. Idan akwai irin wannan talabijin a ɗakin wata gwaggo, ka ara. Idan babu, hanya mafi sauƙi ita ce fitowar 2024, wadda ake samu a PlayStation 4 da 5 da Xbox da Switch da kwamfuta, domin da maɓalli ɗaya ake juyawa tsakanin tsohon hoto da sabo ana tsakiyar wasa. Sai dai ka zaɓi tsohon salon tuƙi a cikin saitin, kada ka ɗauki na zamani da aka ƙara, in ba haka ba abin da za ka auna ba na 1996 ba ne. Na 2013 kuwa yana PlayStation 3 da Xbox 360 da kwamfuta, kuma an sake fitar da shi a PlayStation 4 da Xbox One a 2014. Faifansa na hannu bai da wuyar samu a wajen masu kayan lantarki na Circle da ke Accra, amma ka sa a gwada maka shi kafin kuɗi su bar aljihunka. Wanda zai sauke shi a kwamfuta ya tanadi data, domin ya haura gigabait goma, alhali na farko a faifan CD guda ya zo.

Ka ba kowanne lokaci daidai, kuma kada ya gaza awa biyar. Awa ɗaya ba ta isa ba, domin a awar farko ta tsohon wasa da yatsunka kake faɗa, a awar farko ta sabon kuma galibi kallo kake yi. Ka fara da tsohon. Wanda ya fara da sabo hannunsa zai saba da sauƙi, idan ya koma baya kuma duk abin da zai rubuta ƙorafi ne.

Hannu kafin ido

A nan ya kamata ka daɗe, domin a nan bambancin yake. Fad ɗin PlayStation na 1996 ba shi da sandunan nan biyu da ake murzawa da babban yatsa, sai a 1997 suka zo. Saboda haka ana tuƙa Lara kamar yadda ake tuƙa amalanke: maɓallin sama ya kai ta gaba, na hagu da na dama su juya ta a inda take tsaye. Duniyar wasan kuma an gina ta da tubala masu girma ɗaya, kamar ɗakin da aka shimfiɗa wa tayil, ta yadda kowane tsalle yana da ma'auninsa da ba ya canzawa. Mai wasa yakan riƙe maɓallin tafiya a hankali har Lara ta isa bakin rami ta tsaya da kanta, ya ja da baya taku ɗaya, ya sheƙo da gudu, ya danna tsalle, sannan ya riƙe maɓallin kamu. Idan ya saki maɓallin nan tana rataye, ta faɗi. Akwai gidan Lara da aka tanada don koyon wannan duka, kuma ina ba da shawarar a yi rabin awa a cikinsa kafin a shiga kogon farko na ƙasar Feru.

A na 2013, Lara tana kama bakin dutse da kanta, tana duƙawa bayan katanga da kanta idan maƙiya sun matso, kyamara kuma tana hannunka. Sau da yawa wasan yakan nuna maka maɓalli a kan allo ya ce ka danna shi yanzu, ko ka yi ta bugunsa da sauri, don ta kuɓuta daga kyarkeci ko daga dutsen da ke ruguzowa.

Ga abin da za ka yi: duk sanda Lara ta mutu, ka ja layi a littafinka, ka rubuta laifin wane ne. Naka ne, saboda ka yi kuskuren awo ko ka yi gaggawa? Na kyamara ne, saboda ta maƙale a lungu ba ka ga inda za ka sauka ba? Ko kuwa na wasan ne, saboda ya jefo maka abin da babu mai iya hango shi a karon farko? Lokacin da na yi wannan lissafi, na tarar da cewa yawancin mutuwata a tsohon wasa laifina ne, saura kuma na kyamara, wadda a gaskiya takan ci amanar mutum a ƙananan ɗakuna, musamman idan ana faɗa. A sabon kuwa na fi mutuwa a wuraren danna-maɓalli, inda babu wani abu da na koya sai dai na haddace. Daga wannan na fahimci cewa tsohon tuƙi, duk da taurinsa, yana da gaskiya, domin abin da ka yi shi za ka gani. Sabon ya fi santsi nesa ba kusa ba, amma wani kaso na abin burgewar da ke faruwa a allo ba hannunka ne ya yi shi ba. Lissafinka zai iya saɓa wa nawa, kuma amfanin littafin ke nan.

Ɓata hanya

Abu na biyu da ya cancanci lokaci shi ne yadda kowane wasa yake bi da mutumin da bai san inda zai nufa ba. Na 1996 yana da matakai 15 da suka ratsa Feru da Girka da Masar har zuwa Atlantis, kuma babu taswira, babu kibiyar da ke nuna hanya. A matakin Lost Valley sai ka nemo ƙafafun inji guda uku masu haƙora, warwatse a cikin kwarin da wani ƙaton dainoso yake yawo, ka ɗaura su a mazauninsu don a karkatar da ruwan da ke kwararowa daga kan dutse. A St. Francis' Folly ana sauka cikin wani dogon gini mai hawa-hawa don neman makullai huɗu daga ɗakuna huɗu, kowanne da irin tarkonsa. A Palace Midas kuma sandunan dalma uku za ka nemo ka mayar da su zinariya a tafin hannun wani gunki, kuma duk wanda ya sa Lara ta hau hannun nan zai ga ita ma ta koma zinariya. Na ga yara sun biya kuɗin awa guda a shagonmu suna zagaye ɗaki ɗaya, sai wani da ke tsaye a baya, wanda ko sisi bai biya ba, ya hango wata 'yar kafa a saman bango.

Na 2013 ba ya barin ka ka ɓata. Wuraren da za a iya kamawa galibi an shafa musu farin fenti, akwai taswira, akwai kuma maɓallin da idan ka danna shi duniya za ta dusashe, abin da ake buƙata ya yi haske. Tsoffin kaburburan da jerin ya samo sunansa daga gare su an mayar da yawancinsu gefen hanya, ba su kai goma ba, kowanne ƙulli ɗaya ne da ake warwarewa cikin 'yan mintoci, kuma ana iya gama labarin ba tare da an leƙa su ba.

Don auna wannan, ka ajiye agogo kusa. Ka rubuta mintocin da ka yi ba ka san abin yi ba, sannan, wanda ya fi muhimmanci, ka rubuta abin da ka ji sanda ka gano. Idan ka ce “ashe nan ne, ai da na duba da kyau,” ɓatan ya yi amfani. Idan ka ce “wa zai taɓa tunanin wannan,” magina ne suka gaza, kuma tsohon wasa yana da irin waɗannan wurare, kamar maɓallin bango mai launi ɗaya da bangon. A sabon wasa ka yi awa guda ba ka taɓa maɓallin haskawa ba, don ka ga ko tsibirin zai iya yi maka jagora da kansa. A ganina yana iyawa fiye da yadda masu kushe shi suke zato, kuma da an amince wa mai wasa kaɗan da abin ya fi armashi. Alamu sun nuna maginan ma sun ji wannan kuka, domin a Shadow of the Tomb Raider na 2018 an raba saitin wahala gida uku, na faɗa da na yawo da na warware ƙulli, har ana iya goge farin fentin.

Ajiye wasa, da batun wuta

A fitowar PlayStation ta 1996, idan ana tsakiyar mataki, ba a ajiye wasa, abin da 'yan shago ke kira sebin, sai an isa wani shuɗin lu'ulu'u, kuma kowanne sau ɗaya ake amfani da shi, sannan sai da memori kad, ɗan katin da ake ajiye wasan a ciki. A kwamfuta da fitowar 2024 ana ajiyewa a ko'ina. Na 2013 yana ajiyewa da kansa a kai a kai, yana kuma da zangon wuta inda ake ƙara wa Lara ƙwarewa a gyara makamai. Jinin Lara a tsohon wasa ba ya dawowa sai da jakar magani da ka tsinta ka adana, a sabon kuwa ka ɓuya na ɗan lokaci ta warke.

Tsoron faɗuwa a tsohon wasa daga wannan tsari ya samo asali, saboda haka idan kana buga fitowar 2024 ka taƙaita wa kanka ajiyewa, misali sau uku a mataki, don ka ɗanɗana abin da mutanen 1996 suka ɗanɗana. Amma a nan dole in yi wa sabon adalci. Mu da muka rayu da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Gana, mun san zafin a ɗauke wuta mutum yana taku biyu daga lu'ulu'un bayan rabin awa na tsalle-tsalle. Ga wanda yake biyan kuɗin awa a shago, ko wanda mitar gidansu take kukan ƙarewar kati, wasan da ke ajiye kansa rahama ne, kuma kada kunya ta hana ka rubuta hakan a matsayin maki.

Faɗa da labari ba za su ɗauke ka lokaci ba. A na 1996 bindigogi biyu ne da harsashinsu ba ya ƙarewa, Lara tana saita maƙiyi da kanta, kai kuma kana ta tsalle hagu da dama, kuma yawancin abokan gaba dabbobi ne, jemagu da kyarketai da zakuna da kadoji, mutane 'yan ƙalilan. A na 2013 kwari da baka ne ginshiƙi, da gatarin hawan dutse, kuma faɗan ya fi na da kyau ba tare da wata jayayya ba. Abin dubawa kawai shi ne ko labari da wasa suna tafiya tare. Yarinyar da aka nuna tana ba barewa haƙuri kafin ta fede ta, kuma jikinta ya yi ta rawa bayan kisanta na farko, cikin ɗan lokaci za ka ga tana karkashe mazaje rututu. Ka rubuta ko hakan ya dame ka. Ni ya dame ni, ko da yake hawan dogon ƙarfen rediyo a tsakiyar tsibirin yana cikin wuraren da ba na mantawa.

Sai a ƙarshe ka zo kan hoto da sauti, kuma kada ka tambayi wanne ya fi kyau, domin amsar a fili take: PlayStation na farko megabait biyu kacal yake da shi na babbar ƙwaƙwalwar aiki, shekara 17 kuma ba kwana 17 ba ce. Ka tambayi me kowanne ya yi da abin da yake da shi. Tsohon ya mayar da duhun da ke rufe nesa abin tsoro, kiɗan Nathan McCree kuma ba ya tashi sai jefi-jefi, ta yadda yawancin lokaci takun Lara kawai kake ji. Ka kashe fanka ka sa abin kunne na minti goma a kowanne, za ka ji wanda ya san amfanin shiru.

Kira shaidu biyu

Mutum ba ya iya raba kansa da ƙuruciyarsa, saboda haka ka nemo mutum biyu. Na farko ƙane ko ƙanwa da ba su taɓa ganin tsohon ba. Ka koya musu tsallen gudu sau ɗaya, ka miƙa fad, ka yi shiru, kada ka ce “kawo in nuna maka.” Na biyu wani yaya da ya bar gem tun zamanin memori kad, ka ba shi na 2013. Ka lura da lokacin da kowanne ya fara duba wayarsa, da lokacin da ya matso gaba a kan benci. Idan yaro ne ƙarami, kada a ba shi na 2013, domin na manya ne, an yi masa alamar shekara 18 a Turai, kuma yanayin mutuwar Lara a cikinsa yana da tayar da hankali.

Idan ka tattara shafukanka, kada ka haɗa maki ka ce wannan ya ci bakwai wancan ya ci takwas. Ka koma kan tambayar da ka rubuta a sama ka amsa ta, sannan ka faɗi wanda kowane wasa ya dace da shi. Tawa amsar ita ce suna ɗaya ne amma sana'a biyu ce: na 1996 wasan awo ne da haƙuri, inda wurin da kansa shi ne abokin karawa, na 2013 kuma wasan gudu ne da faɗa da labari, wanda zan miƙa wa duk mai awa biyu a daren Asabar. Da za a ce in riƙe ɗaya, tsohon zan riƙe, amma ba shi zan sa wa baƙon da ya shigo shago karon farko ba.

Wanda ya ga ratar ta yi masa faɗi ya saka na uku a tsakiya, wato Tomb Raider: Legend na 2006, wasan farko da Crystal Dynamics ya yi a jerin, wanda ke PlayStation 2 da kwamfuta da wasu na'urori. Tuƙinsa ya kusanci na zamani, amma kango da tarkuna har yanzu su ne tsakiyar hanya. Mataki na huɗu a cikinsa a ƙasar Gana aka ce yake, wani haikali ne a bayan ruwa mai zubowa daga tsauni. Kada ka ɓata kuɗin mota kana nemansa a Wli ko Kintampo, inda ruwa ke zubowa daga tsauni a Gana, ƙirƙirarsa aka yi, amma matakin ya dace sosai da gwajin agogo da na lissafin mutuwa, kuma ana iya gama shi a zama ɗaya idan wuta ta tsaya.